PlayStation ko DVD: Wa Zai Buɗe Kwalin Hajiya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Katsina, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, mahaifiyata kuma tana wurina tun bayan rasuwar Baba. DVD ɗinmu da ya shekara tara yana aiki ya daina karanta faifai, mai gyara ya ce idonsa ya mutu, gara mu sayi wani. Hajiya tana da kwali guda cike da fayafayai: tsofaffin finafinan Hausa, na Indiya, tafsirin azumi, bikin ƙannena mata biyu, da wanda aka ɗauka ranar da ita da Baba suka dawo daga Hajji. Ni kuma ina da fayafayan fim na zamani da ake kira Blu-ray guda biyar da abokina ya kawo mini tsaraba daga Dubai, ban taɓa kallonsu ba. Babban ɗana mai shekara 16 ya ce kada mu ɓata kuɗi, in sayi na'urar gem ta PlayStation, PS4 na hannu ko in daure in sayi PS5, tunda suna kunna faifan fim, har sun fi DVD kyan hoto. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina son buga ƙwallo a gem tun ina makaranta. Maiɗakina ta ce baki muka haɗa ni da yaron, yau kwana uku ke nan daga gaisuwa sai gaisuwa. Wanne ya kamata in saya?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Yaronka bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen dai ya kawo. Hujjar ma ba tasa ba ce, ta girme shi nesa. A shekarar 2000 da kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2, na'urar DVD tana da tsada ƙwarai, sai ga na'urar gem tana kunna DVD a kan kuɗin da bai wuce na waccan ba, gidaje da yawa a Japan ta nan suka fara kallon DVD. A 2006 aka maimaita da PlayStation 3 da faifan Blu-ray, kuma yawan gidajen da ya shiga na cikin abin da ya sa Toshiba ya haƙura da nasa faifan, HD DVD, a farkon 2008. Tun daga nan duk yaron da ke son gem a duniya ya samu abin faɗa wa babansa.

Sai dai fayafayan da Sony yake lissafi da su, na manyan kamfanonin Amurka da Japan ne, masu zuwa a cikin leda da hatimi. Kwalin Hajiya kuwa asalinsa Ƙofar Wambai ne da shagon mai ɗaukar biki. Saboda haka kafin ka taka kasuwa, ka shimfiɗa tabarma ka zazzage kwalin nan, kai da yaron, ku ware fayafayan. Su za su yanke hukunci, ba ni ba.

Abin da za ku fara nema shi ne VCD. Da finafinan Hausa suka bar kaset, kan VCD suka fara sauka kafin DVD ya yi yawa, kuma in Hajiya ta daɗe tana tarawa, ina kyautata zaton kaso mai tsoka na kwalin nan VCD ne. Gane shi ba wuya. Faifan VCD bai cika ɗaukar abin da ya wuce minti 80 ba, shi ya sa fim ɗaya yake zuwa faifai biyu, na ɗaya da na biyu. Sau da yawa za ka ga an rubuta Video CD a jikinsa ko a bayan kwalinsa. In babu rubutu, saka shi a kwamfuta: ka ga jaka mai suna MPEGAV, VCD ne, ka ga VIDEO_TS, DVD ne. To ga inda maganar yaro ta karye. PS4 da PS5 ba sa karanta faifan CD kowane iri. Ba VCD, ba CD na sauti, ba wanda aka zuba wa karatu na MP3. Ba saiti ba ne da za a gyara, haka aka ƙera su. Tsofaffin finafinan da ke kan VCD sun fita ke nan, tafsirin da ke kan CD ya fita, in faifan dawowa daga Hajji ya tsufa sosai shi ma wataƙila yana cikinsu. Ka yi tunanin ranar da ka ajiye na'urar dubban ɗaruruwan naira a falo, Hajiya ta miƙo wannan faifan ta ce a saka mata ta ga Alhaji, allo ya ce bai san wannan ba. Me za ka ce mata? Kuma wa ke tsaye a bakin ƙofar kicin tana kallonka?

Kashi na biyu su ne na biki. In ka juya su za ka ga cikinsu ya yi launin shunayya, alamar DVD ne da aka ƙona a kwamfuta. Waɗannan PS yana iya kunna su, in mai bidiyon ya tsara su yadda ake tsara faifan DVD ya kuma rufe faifan bayan ya gama. In kuwa fayil ɗin bidiyo kawai ya kwashe ya zuba a ciki kamar yadda ake tura fim a filas, PS ba zai gan shi ba, alhali 'yar ƙaramar DVD ta Chana takan buɗe irinsu ba gardama. Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Masu ɗaukar biki suna son manna takarda mai hoton amarya da ango a bayan faifai. DVD mai tire, ɗora faifan kake yi ya ja shi ciki. PS ba shi da tire, wata siririyar kafa ce take zuƙe faifan. Takardar da ta shekara goma tana shan zafi ta fara ɗagowa, in ta naɗe a cikin wannan kafa, faifan da na'urar duka sun shiga uku. Haka faifan da ya tsage, haka ƙananan nan na santimita 8 da wasu kyamarori suke ɗauka a kai, Sony da kansa ya ce kada a saka su.

Na Indiya da waɗanda ake cusa fim goma a faifai ɗaya, yawancinsu DVD ne, za su yi. Amma ka duba bayansu a hasken rana ka ga irin karcen da suka sha a hannun jikoki. Kullum ido yana fama da irin waɗannan, ga ƙurar hunturu ta Katsina da ba sai na ba ka labari ba. Idon DVD in ya mutu, asarar kaɗan ce, kai shaida ne, shekara tara ya yi muku. Idon PS in ya mutu, gem ɗin faifai ma ya tsaya, kuɗin gyaran kuma yana iya kai na sabon DVD.

Sai maganar wuta, wadda a ƙasashen da ake yin wannan muhawara ba ta dame su ba, mu kuwa ita ce gaba. DVD na gida yana jan wajen wat 10 zuwa 15. PS4 na farko, mai kauri, yana jan kusan wat 90 yana kunna fim kawai. Siririn da ya biyo bayansa da PS5 sun fi sauƙi, wajen wat 50 zuwa 60. Ɗauki fim ɗin Indiya na awa uku: DVD ya ci abin da bai kai wat-awa 50 ba, tsohon PS4 ya ci wajen 270, ban da talabijin. Batirin inbata mai lamba 100 a kan bolt 12 yana riƙe wajen wat-awa 1,200, kuma in na ruwa ne ba a son a sha fiye da rabinsa. Ka ga fim ɗaya ya kusa cinye rabin abin da kake da shi, fanka ba ta juya ba tukuna. In inji kake tayarwa, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Ɗaukewar wutar ma ta fi yawan jan ta illa. DVD in NEPA ta ɗauke, ya mutu, in ta kawo ya tashi, shi ke nan. PS kwamfuta ce mai ma'ajiya a ciki, so take a kashe ta bisa ƙa'ida. Duk sanda wuta ta yanke mata tana aiki, in ta dawo sai ta tsaya binciken ma'ajiyarta, ta yi maka faɗa a allo cewa ba a kashe ta daidai ba. Sau ɗaya sau biyu ba komai. Sau uku a yini har shekara, wata rana ta ƙi tashi sai an wanke ta, duk abin da kai da yaron kuka ajiye na gem ya tafi.

Yanzu ka dubi hannun da zai riƙa kunnawa. Hajiya ta san rimot ɗin DVD: ga na buɗewa, ga na kunnawa, ga na tsayarwa in an kira salla. Kana ofis, yara suna makaranta, ita da kanta take saka abinta. PS kuwa da abin riƙon nan da yara ke kira fad ake sarrafa shi, mai maɓallai fiye da goma da 'yan sanduna biyu, ga caji da yake ƙarewa, ga zaɓen mai shiga, ga rubutun Turanci yana neman a sabunta manhaja. PS4 ma ba ya fara kunna faifan fim sai an haɗa shi da intanet sau ɗaya an buɗe masa wannan aikin. Akwai rimot na musamman da ake saya daban, wasu talabijin kuma rimot ɗinsu yana iya sarrafa shi ta wayar HDMI, amma duk da haka sai an bi ta ɗakuna kafin a kai ga fim. Ƙarshenta dattijuwar da take cin gashin kanta za ta koma jiran jika ya dawo ya kunna mata. Jikan kuma in ya dawo, kai ka san abin da ya dawo yi. Na'ura ɗaya, talabijin ɗaya, kaka tana son tafsiri, jika yana son Real Madrid, uba yana leƙe yana jiran a ba shi hannu. Hajiya ba za ta yi magana ba, irinsu ba sa yi. Cewa za ta yi ku yi wasanku, ta tashi ta koma ɗaki, kwalin ya koma ƙarƙashin gado.

Af, ban tambaye ka talabijin ɗin ba. PS4 da PS5 ta HDMI kaɗai suke fita. In akwai tsohuwar talabijin mai wayoyi uku, ja da fari da rawaya, a ɗakin Hajiya, DVD ne kawai zai shiga can kai tsaye.

Kada in zalunci yaro, akwai inda yake da gaskiya ɗari bisa ɗari, wato fayafayanka biyar na Dubai. DVD ba ya karanta Blu-ray ko kaɗan, kuma bambancin hoton ba ƙarami ba ne. VCD yana ba da ɗigo 352 a 288, DVD 720 a 576, Blu-ray 1920 a 1080, faifan 4K kuma 3840 a 2160. PS4 yana kunna Blu-ray da kyau, amma ba ya kunna faifan 4K, har wanda ake kira Pro. PS5 mai faifai yana kunna duka biyun, haka Xbox One S da Xbox Series X, na'urorin gem na kamfanin Microsoft. Mutumin da ya riga ya mallaki ɗaya daga cikinsu, kuma Blu-ray ne abin kallonsa, ba zan ce ya je ya sayi wata na'ura ba. Masu tsananin son hoto, masu babban allo da lasifika a kowace kusurwa, su ne suke sayen na'ura ta musamman irin ta Panasonic ko Sony, don tana ba da Dolby Vision, wata fasahar ƙara kyan haske da launin hoto, daga faifai wanda PS5 ba ya bayarwa, ba ta da ƙarar fanka irin ta PS, ba ta jan wuta sosai. Su ma irin waɗannan na'urori kasuwarsu sai tsukewa take, Oppo ya daina ƙerawa a 2018, Samsung ya bi baya a 2019, LG a ƙarshen 2024. A talabijin ta falo irin tamu, wannan bambancin ba za ka gan shi ba, kada ya ɗauke maka hankali. Abin da dai ba na so ka zata shi ne PS zai gyara tsohon faifai. Hoton DVD yana ɗan miƙe shi ya cika allo, amma abin da kyamarar mai biki ba ta ɗauka ba, babu na'urar da za ta ƙirƙiro shi.

Ko a nan akwai tarko biyu, tunda na san zuciyarka tana can. Na farko, ba kowane PS5 ne yake da wurin saka faifai ba. Tun fitowarsa a Nuwamban 2020 iri biyu ne, mai faifai da a lokacin aka sa wa dala 499, marar faifai kuma dala 399. Na baya-bayan nan akwai waɗanda ake sayen ma'ajin faifan daban a maƙala, shi ma sai an haɗa da intanet kafin ya fara aiki, kuma PS5 Pro haka yake zuwa ba faifai. Xbox Series S ma ba shi da shi. In mai shago ya yi maka sauƙin da ya ba ka mamaki, leƙa ka ga ko akwai kafar. Na biyu, shiyya. Kamfanonin fim sun raba duniya: a Blu-ray, Amurka da Japan suna shiyyar A, Turai, Afirka da ƙasashen Larabawa suna B, Indiya, Chana da Rasha suna C. Fayafayan Dubai B ne, irin namu. Amma na'urorin hannu da yawa daga Amurka ake kwaso su, kuma PS ɗin Amurka A ne har abada a wajen Blu-ray. Wasu fayafayan ba a kulle suke ba, za su yi, wasu kuma su ƙi. A DVD lambobi ne, Najeriya da Nijar suna shiyya ta 5 tare da Indiya, PS4 yana barin a sauya wannan sau huɗu sannan ya kulle. Fayafayan da aka buga a gida galibi ba su da wannan kulle, faifan 4K shi ma ba shi da shi.

To ga shawarata. Ka sayi DVD, wannan makon. Kuɗin PS5 ɗaya zai sayi irinsa fiye da goma, ba abin da za a yi taron dangi a kai ba ne. Ka nemi wanda aka rubuta VCD da MP3 a kwalinsa, mai wurin filas, mai HDMI da kuma wayoyi ukun nan don ya shiga kowace talabijin. Kada ka aiki yaro. Ka ɗauki faifai huɗu a aljihu, VCD ɗaya, na tafsiri ɗaya, na biki ɗaya, da wanda ya fi kowanne karcewa, a gwada su a gabanka a shago, ka bari kowanne ya yi 'yan mintuna, ka tura shi gaba ka ga ko zai sarƙe. In na hannu ne daga waje, juya bayansa ka karanta: wanda aka rubuta 120V kaɗai na wutar Amurka ne, wutarmu 230 ce, kana sakawa zai yi hayaƙi. In da hali ka haɗa da sitabilaiza, ka kuma samo ɗan ƙyalle a riƙa rufe shi.

Wani aikin ya fi sayen na'urar gaggawa, kuma shi ne zan so ka ɗora wa ɗan shekara 16 ɗin nan. Faifan da aka ƙona a kwamfuta ba ya dawwama. Rubutun yana kan wani sinadari ne mai kama da rini, zafi da rana da daɗewa suna cinye shi, wata rana faifan da ba ko ƙwarzane ya ƙi buɗewa. Finafinan Hausa da na Indiya ko sun lalace wataƙila a samu wasu wurin masu tura fim ko a YouTube. Ranar da Baba ya sauka daga Hajji ba ta wurin kowa sai kwalin nan. A samu kwamfuta mai wurin faifai, a kwafe na Hajji da na bikin nan biyu, a zuba a filas biyu, ɗaya a gidanka ɗaya wurin wata ƙanwarka, a kuma tura wa sauran a waya. In faifan ya fara gardama a kwamfuta ɗaya, a gwada wata kafin a fid da rai, a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Yaron da ya iya bambance PS4 da PS5 zai iya wannan a yini ɗaya, kuma zai zauna ya ga kakansa yana tafe yana magana, abin da ƙila bai taɓa tsayawa ya kalla ba.

Saura maiɗakinka. Ta ce kun haɗa baki, ni ban ce kun zauna kun ƙulla ba, amma kai da bakinka ka ce kana son ƙwallo, kuma a wasiƙarka sunan Hajiya ne a gaba. Wannan shi Bahaushe yake kira fakewa da guzuma a harbi karsana, ita kuwa ta hango karsanar tun daga nesa. Ina jin ba gem ɗin ne ya ɓata mata rai ba kamar yadda aka biyo da shi ta bayan gida, a kuɗin da ita ta san inda ake jiransa. Magidanci ya so wasa bayan ya dawo daga aiki ba abin kunya ba ne, ya fi zaman majalisa har sha biyun dare. Ka same ta ka ce ta yi gaskiya, DVD za a saya wa Hajiya, PS kuma kai kake so, ba na gida ba ne, za ka tara kuɗinsa a hankali bayan kuɗin makaranta da na abinci, ku kuma yi magana tun yanzu a kan ranakun da yaro zai taɓa shi da waɗanda ba zai taɓa ba, musamman da jarrabawar gama sakandare take gabansa. Za ta iya cewa a'a a yau. Ka bar maganar ta kwana.

Blu-ray ɗinka biyar kuwa su ci gaba da zama a leda, irinsu da aka buga a masana'anta ba sa lalacewa da wuri. Ranar da ka kawo DVD ɗin, ka bari Hajiya ta zaɓi faifan farko da kanta, ka kuma miƙa mata rimot ɗin.